Hans Wilsdorf: Marayan Da Ya Sayar Wa Duniya Suna

A watan Oktoban 2017 aka yi gwanjon wani tsohon agogon hannu a birnin New York, ya tashi a kan dala miliyan 17.8. Agogon, ƙirar Rolex Daytona, na ɗan wasan fim ɗin Amurka ne Paul Newman, kuma irin wanda ake kira kuronogiraf ne, wato mai maɓallan da ake dannawa a auna daƙiƙoƙin tsere. Abin da mai karatu zai yi mamaki shi ne, injin cikinsa ba Rolex ne ya ƙera ba, daga kamfanin Valjoux aka sayo shi. To, me aka saya da wannan dukiya? A ganina suna aka saya, na Newman da na Rolex, shi kuwa na biyun aikin mutum guda ne.

An haifi Hans Wilsdorf a garin Kulmbach na Jamus a 1881, ya zama maraya yana ɗan shekara 12. Shi ba maƙerin agogo ba ne, ɗan kasuwa ne. Ya koyi cinikin a Suwizalan, sannan a 1905 ya kafa kamfani a Landan tare da surukinsa Alfred Davis, suna sayo injina wurin Aegler na garin Bienne, a zamanin da maza ke ganin agogon hannu ado ne na mata.

A 1908 ya yi wa kalmar Rolex rajista. A nan manazarcin harshe zai so ya ɗan dakata. Kalmar ba ta da ma'ana a kowane harshe, saboda haka babu al'ummar da za ta ce tata ce, balle wata ta ƙi ta. Haruffa biyar ne da za su zauna a fuskar agogo, gaɓa biyu da ba sa wahalar da baki. Ko Bahaushe, da ba ya son baƙaƙe su cunkushe masa, Rolas kawai ya ce ya wuce.

Harajin da Ingila ta ɗora wa kayan alatu a 1915 na cikin abin da ya sa ya koma Janeba. A 1926 ya fito da Oyster, wanda ruwa ba ya shiga.

Amma inda sunan ya sami nauyi shi ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Sojojin Ingila da Jamusawa suka kama, aka ƙwace musu agoguna, ya yarda su yi oda daga sansani, biya sai bayan yaƙi, ba jingina ba shaida. A 1943 wani kofur mai suna Clive Nutting, da ke tsare a Stalag Luft III, ya nemi kuronogiraf, aka kuwa aika masa. Bajamushe ne fa ke ba maƙiyan ƙasar haihuwarsa bashi, alhali ba a san wanda zai yi nasara ba. Wasu na cewa talla ce. Ko da talla ce, da dukiyarsa ya yi ta.

Matarsa ta rasu a 1944 ba su haihu ba, sai ya kafa gidauniya a 1945, ya bar mata kamfanin. Ya mutu a Janeba a 1960, shekara uku kafin fitowar Daytona, agogon da a farkonsa ya yi ta kwantai a shaguna. Har yau gidauniyar ce ke da Rolex, ba a taɓa zaman rabon gado a kansa ba.