George Norris, Sanatan da Ya Dage Sai Wuta Ta Kai Ƙauye

Idan aka ce Amurka, yawancinmu abin da ke faɗo mana a rai shi ne dogayen benaye da fitilu ko'ina. To, a farkon shekarun 1930 abin ba haka yake ba. A birane, gida tara cikin goma yana da wutar lantarki. A karkara kuwa, gida ɗaya ne kacal cikin goma. Sauran duk fitilar kananzir suke kunnawa. Matar manomi ita ke jan ruwa a rijiya ta kinkimo shi zuwa gida, ita ke hura murhu da itace, ta yi wanki da hannu, ta ɗora dutsen guga a kan wuta ya yi zafi kafin ta goge kaya. Madara da nama in ba a ci da wuri ba su lalace. Wannan rayuwa ba sai an fassara mana ita ba, iyayenmu sun yi ta, wasunmu ma har yanzu suna cikinta.

Mutumin da muka zaɓo tarihinsa a wannan fitowa ta zagayowar shekara yana cikin waɗanda suka sauya wannan hali, kuma hanyar da aka bi irin tamu ce, wato ƙungiyar gama kai.

An haifi George William Norris ran 11 ga Yuli, 1861, a wata gona a jihar Ohayo. Shi ne na goma sha ɗaya cikin 'ya'ya goma sha biyu. Yana ɗan ƙarami mahaifinsa ya rasu, yayansa namiji kuma ya mutu a yaƙin basasar Amurka, sai riƙon gida da gona ya koma hannun mahaifiyarsu. A gabansa ta yi duk wahalar da muka lissafa a sama. Ya yi ƙwadago a gonakin maƙwabta, ya koyar a makaranta don ya tara kuɗin karatu, har ya gama karatun lauya a 1883. A 1885 ya yi ƙaura zuwa jihar Nebraska, ƙasar noma da kiwo mai yawan fari. Can ya zama lauyan gunduma, daga baya alƙali, ya zauna a garin McCook. Matarsa ta fari ta rasu a 1901 ta bar masa 'ya'ya mata uku, ya sake aure bayan shekara biyu.

A 1903 ya shiga majalisar wakilai ta tarayya a ƙarƙashin jam'iyyar Republican. Ba a daɗe ba aka gane ba ɗan amshin shata ba ne. A 1910 shi ya jagoranci boren da ya rage wa kakakin majalisa, Joseph Cannon, ikon da yake da shi na juya majalisa yadda ya ga dama, alhali jam'iyyarsu ɗaya. A 1913 ya koma majalisar dattawa, inda ya yi shekara talatin. A 1917 yana cikin sanatoci shida rak da suka ƙi amincewa Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya sha zagi a kan haka, har ana ce masa maci amanar ƙasa, amma mutanen Nebraska suka sake zaɓensa.

Babban aikinsa ya faro ne daga wani wuri da ba ya cikin mazaɓarsa ko kusa. Lokacin yaƙin, gwamnati ta fara gina madatsar ruwa a Muscle Shoals, a kan kogin Tennessee cikin jihar Alabama, tare da masana'antun sinadarin da ake haɗa albarushi da shi. Sinadarin nan shi ne kuma ake yin takin zamani da shi. Yaƙi ya ƙare ba a gama aikin ba, aka rasa yadda za a yi da shi. A 1921 sai attajirin nan mai kamfanin motoci, Henry Ford, ya ce a sayar masa da masana'antun a kan dala miliyan 5, a kuma ba shi hayar madatsar na shekara ɗari. Kuɗin ba su kai ko kusa da abin da gwamnati ta kashe ba. Duk da haka jama'ar yankin suna so, don talauci ya yi musu katutu, ga kuma alkawarin aikin yi.

Da yake maganar ta shafi taki, sai ta faɗo a kwamitin aikin gona na majalisar dattawa, wanda Norris ke shugabanta. Ya ƙi. Hujjarsa ita ce kogi na jama'a ne, da kuɗin jama'a aka gina madatsar, don haka wutar da za ta fito ta zama ta jama'a, a sayar musu da rahusa. Ya yi ta jan maganar har Ford ya gaji ya janye a 1924. Mutanen kudu da dama sun ji haushinsa a lokacin, kuma a ganina ba su yi laifi ba: mai jin yunwa an ƙwace masa tayin da ke gabansa, an ce ya jira wani wanda ba a san ranar zuwansa ba.

Jiran kuwa ya yi tsawo. Norris ya kawo ƙudurin cewa gwamnati ta riƙe wurin da kanta. Majalisa ta amince a 1928, Shugaba Coolidge ya ƙi sa hannu. Ta sake amincewa a 1931, Shugaba Hoover ya hau kujerar na-ƙi. Dukansu 'yan jam'iyyarsa ne fa. A zaɓen 1930 ma wasu 'yan jam'iyyar suka nemo wani mai kantin kayan masarufi da sunansa ya yi daidai da nasa, George W. Norris, suka tsayar da shi takara don ƙuri'u su rikice. Kotu ta cire sunan saboda takardunsa sun iso a makare. Siyasa dai ko'ina halinta ɗaya.

Sai da Franklin Roosevelt ya hau mulki sannan abin ya tabbata. Ran 18 ga Mayu, 1933, ya sa hannu a dokar da ta kafa Hukumar Kwarin Tennessee, wadda aka fi sani da TVA. Shekara goma sha biyu ke nan da tayin Ford, Norris kuma ya haura shekara saba'in. Hukumar ta shafi jihohi bakwai, aka ɗora mata gina madatsun ruwa don tare ambaliya, samar da wuta, gyara kogi don jiragen ruwa su bi, da koya wa manoma amfani da taki da hana zaizayar ƙasa. Madatsar farko da ta gina, a kan kogin Clinch, an gama ta a 1936 aka sa mata sunansa.

Nan akwai abin da bai kamata a rufe ba. Tafkin da ya taru bayan madatsar Norris ya tashi iyalai kusan 3,000 daga gonakinsu, aka haƙe kaburbura fiye da 5,000 aka sauya musu wuri. Masu filaye an biya su diyya, amma waɗanda ke noma a gonakin haya ba su sami abin kirki ba. Sabon garin da aka gina wa ma'aikata, wanda shi ma aka sa wa suna Norris, ba a yarda baƙar fata su zauna a cikinsa ba. Wutar da ta haskaka gidajen wasu, da hawayen wasu aka same ta.

Samar da wuta abu ɗaya ne, kai ta ƙofar manomi kuma wani abu ne dabam. Kamfanoni sun ce ba riba a jan waya mil da mil saboda gida biyu ko uku. Inda suka yarda ma, sai su ce manomi ya biya kuɗin turaku da waya, bayan haka kayan su zama na kamfani. A 1935 Roosevelt ya kafa hukumar kai lantarki karkara, amma ta wucin gadi ce. Norris a majalisar dattawa da Sam Rayburn na Texas a majalisar wakilai suka tsaya sai da ta zama doka a watan Mayu na 1936.

Ku duba yadda aka tsara abin. Gwamnati ba kyauta ta bayar ba, rance ta bayar, mai ƙaramin ruwa da dogon wa'adi. Da kamfanoni suka yi ko-oho da rancen, sai manoma suka haɗa kansu. Kowane gida ya biya dala 5 kuɗin shiga ƙungiya, kuma a shekarun nan na matsin tattalin arziki dala 5 ba ƙaramin kuɗi ba ne a hannun manomi. Aka riƙa bi gida-gida ana neman sa hannu, mata na cikin masu wannan zirga-zirga, don su suka fi kowa sanin abin da famfo da dutsen guga na lantarki za su sauƙaƙe musu. Akwai masu tsoron cewa in ƙungiya ta kasa biya za a ƙwace musu gona, sai an zauna an yi musu bayani cewa turaku da wayar su ne jingina. Masu gonaki suka yarda a kafa turaku a filayensu ba tare da diyya ba. Ƙungiya ta ci bashin, ta ja waya, ta sayi wuta a sari ta raba wa 'ya'yanta, daga kuɗin wutar kowane wata ake biyan bashi. Kowane ɗan ƙungiya ƙuri'arsa ɗaya, ko gonarsa babba ce ko ƙarama, rarar da ta saura kuma ana rubuta wa kowa kasonsa.

Kamfanonin ba su yi shiru ba. Sun kai ƙara kotu, wani wurin kuma da sun ji ana haɗa ƙungiya sai su yi sauri su ja waya ta unguwar da ta fi gidaje, su bar wa ƙungiya warwatsattun gonaki don lissafinta ya ƙi fita. Abin da ya rufe bakin masu cewa manoma ba za su iya ba shi ne biyan bashi. Ƙungiyoyin sun biya, waɗanda suka gaza ba su taka kara sun karya ba. Wadda ta taɓa riƙe littafin rance a ƙungiya ta san abin da wannan ke nufi.

A gida Nebraska ma bai yi sake ba. Ya taimaka wajen samo kuɗin tarayya da aka gina madatsar Kingsley a kan kogin North Platte, wadda aka gama a 1941 don noman rani da wuta. Har yau Nebraska ce jiha ɗaya tilo a Amurka da duk wutarta ke hannun hukumomin jama'a da ƙungiyoyin gama kai. Shi ne kuma ya zagaya jihar a 1934 yana neman a mai da majalisar dokokinta zaure ɗaya maimakon biyu, aka amince, haka take har yanzu. A matakin ƙasa, da sunansa ake kiran dokar 1932 da ta hana tilasta wa ma'aikaci alkawarin ba zai shiga ƙungiyar ƙwadago ba. Shi ya dage kuma a kan gyara na 20 ga tsarin mulki, wanda ya rage watannin da waɗanda suka faɗi zaɓe ke ci gaba da zama a kan kujera.

A 1936 ya bar jam'iyyarsa ya tsaya a matsayin ɗan takara mai zaman kansa, ya ci. A 1942, yana da shekara 81, ya sake tsayawa, mutanen Nebraska suka kayar da shi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya koma gidansa na McCook ya zauna yana rubuta tarihin rayuwarsa, ya rasu ran 2 ga Satumba, 1944. A lokacin, gidajen gona da suka sami wuta ba su kai rabi ba, don Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da aikin. Sai wajajen 1953 aka kai tara cikin goma. Ƙungiyoyin da aka kafa a ƙarƙashin dokar suna nan har yau, sun haura 800, suna ba mutum fiye da miliyan 40 wuta.