Malam Aminu Kano (1920-1983): Daga Dandamalin Makaranta Zuwa Dandalin Siyasa

Gabatarwa

Duk ɗalibin Hausa da ya zauna ajin wasan kwaikwayo ya ji sunan Malam Aminu Kano cikin jerin magabatan wannan fanni, tsakanin R. M. East da Abubakar Tunau. Sai dai sau da yawa layi biyu kawai muke ba shi a littafin rubutu, mu haddace don jarrabawa, mu wuce. A wajen makaranta kuwa, da an ambaci sunansa NEPU da PRP ne ke faɗo wa jama'a a rai. Wannan maƙala za ta bi tarihin marigayin ta ƙofar wasan kwaikwayo, domin a dandamalin makaranta ya fara faɗa wa masu mulki gaskiya tun kafin ya hau teburin lacca. A kan hanya za mu duba abubuwa uku da ake auna wasan dandamali da su, wato shirin fage da sutura, da ba da umarni, da kuma fitowar 'yan wasa.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Malam Aminu ranar 9 ga watan Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa Malam Yusuf malami ne daga zuriyar Fulanin Genawa, waɗanda aka sani da ilimi da alƙalanci, kuma ya yi aiki a matsayin mufti a kotun Alƙalin Kano. Sunan mahaifiyarsa Rakiya. Kamar kowane yaro na gidan malamai, da karatun allo ya fara, sannan a 1930 aka sa shi makarantar elementare ta Shahuci. A 1933 ya wuce Midil ta Kano.

Kanon da ya tashi a cikinta ba baƙuwar kwaikwayo ba ce. Akwai tashe a watan azumi, inda yara ke shigar tsofaffi da malamai da baƙi suna bin gidaje. Akwai 'yan kama masu kwaikwayon wa'azin malamai da zancen tuwo da miya. A gidajen sarauta akwai wasan Gauta, inda mata ke kwaikwayon sarki da fadawansa. Abin da waɗannan wasanni suka yi tarayya a kai shi ne, al'ada ta yarda a faɗi cikin raha abin da ba a iya faɗa da gaske. Wannan dama ita ce Malam Aminu ya ɗauka ya kai makarantar boko.

Wasanninsa a Kwalejin Kaduna

A 1937 ya samu shiga babbar kwalejin Arewa, wadda ta fara a Katsina, aka mayar da ita Kaduna a 1938, wadda kuma yau ake kira Barewa a Zariya. A wancan lokaci rubutaccen wasan kwaikwayo jariri ne a Hausa. Abin da ke hannun makarantu shi ne littafin Six Hausa Plays na R. M. East, wanda ya fito a shekarun 1930, ya kuma ɗauko yawancin labaransa daga tatsuniyoyi da hikayoyi don koya wa yara tsarin wasa.

Malam Aminu bai tsaya ga tatsuniya ba. Tsakanin 1938 da 1939, yana ɗalibin da bai cika shekara 20 ba, ya shirya wasannin da suka taɓo rayuwar talaka kai tsaye. Biyu daga ciki sun fi shahara. Na farko shi ne Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba?, wanda ya nuna yadda 'yan kasuwar birni ke zaluntar mutanen karkara. Na biyu shi ne Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya, wanda ya tayar da maganar harajin da ya fi ƙarfin manoma. Daga 1939 zuwa 1941 kuma ya rubuta gajerun wasanni wajen 20 don amfanin makarantu, yana zolayar al'adun da suka zame wa jama'a kaya da kuma halayen ma'aikatan En'e.

Ya kamata mu lura da girman kasadar. Kwalejin ta gwamnatin Turawa ce, ɗalibanta da yawa 'ya'yan sarakuna da hakimai ne, kuma aikin da ke jiran mafi yawansu bayan kammalawa yana hannun En'e. Shi kansa mahaifin marubucin a ƙarƙashin wannan tsari yake aiki. Ke nan yaron yana sara ne a gindin itacen da yake zaune a inuwarsa.

Ba a buga waɗannan wasanni a littafi ba a zamaninsu, kamar yadda daga baya aka buga Wasan Marafa na Abubakar Tunau da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi. A gaban 'yan kallo suka rayu. Saboda haka mai son fahimtar ƙarfinsu dole ya tambayi kansa abin da irin wannan wasa yake buƙata a kan dandamali.

Shirin Fage da Sutura

Wasan makaranta ba shi da kuɗin gina gidaje ko sayen fitilu. Amma wasan da aka gina a kan kasuwa bai damu da wannan ba. Tabarma ɗaya, da mudu, da buhu, da hayaniyar masu ciniki sun isa mai kallo ya ce ga kasuwa. Mu da ke Potiskum, garin da ke da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi a Afirka ta Yamma, ba sai an yi mana dogon bayani ba: da ka ga mutum riƙe da igiya yana waige-waige, wani kuma ya ja shi gefe yana yi masa raɗa, ka san wane ne baƙo, wane ne dillali. Kyakkyawan shirin fage shi ne wanda kowane abu da aka ɗora a dandamali yake da aikin yi. Mudun da za a yi algus da shi ya fi labule goma masu ado amfani.

Sutura kuwa a ƙasar Hausa magana take yi. Rawani da alkyabba na nufin iko, jar riga na nufin dogari, yagaggiyar taguwa na nufin talaka. Ɗalibi ya naɗa rawani ya zauna ana faɗuwa ana gaishe shi, sannan a nuna shi yana ƙara wa manomi haraji, 'yan kallo su fashe da dariya, wannan ba ƙaramin abu ba ne a zamanin da talaka ke tuɓe takalmi tun daga nesa in ya hango hakimi. Ko ba a furta kalmar suka ba, rawanin ya riga ya faɗi wanda ake nufi.

Ba da Umarni

A wasan makaranta sau da yawa marubuci shi ne mai ba da umarni. Shi ke raba matsayi, shi ke cewa wane ya shigo ta nan, wane ya durƙusa can. Ana gane gwanintarsa ta hoton da ya tsara wa ido: wa ke zaune a sama, wa ke tsugune a ƙasa, wa ke magana, wa aka hana magana. A wasan haraji, tazarar da ke tsakanin shimfiɗar hakimi da inda manomi ya durƙusa ita ce jigon kanta.

Aiki na biyu na mai ba da umarni shi ne awon raha. In barkwanci ya yi yawa, saƙo ya nutse, mutane su tafi gida da dariya kawai. In zafi ya yi yawa, hukuma ta hana wasan, ko 'yan kallo su ɗaure fuska. Tunda har an ci gaba da yin wasannin Malam Aminu shekara bayan shekara a ƙarƙashin idon Turawa da En'e, alama ce ta cewa ya san inda zai tsaya da wuƙar, ta yanka ba tare da an ƙwace ta ba.

Fitowar 'Yan Wasa

Makarantun da aka yi waɗannan wasanni na maza ne zalla, don haka ɗalibi ɗaya kan iya zama tsoho yau, gobe dogari, jibi matar aure. Ma'aunin ɗan wasa a nan shi ne ko ya lura da mutane. Yaya baƙauye ke riƙe kuɗinsa? Yaya ɗan kasuwa ke rantsuwa yana kawar da ido? Yaya bafade ke amsa maganar ubangidansa tun bai gama ba? Wanda ya kwaikwayi waɗannan daidai, 'yan kallo za su ce wallahi sun san mutumin. Wanda ya wuce gona da iri kuwa, shi za a yi wa dariya, azzalumin ya tsira. Haka kuma dole murya ta kai ga na bayan fili ba tare da lasifika ba, kuma harshen kowa ya dace da matsayinsa.

Bauci, Landan da Maru

A 1942 ya kammala karatu aka tura shi koyarwa a Midil ta Bauci, inda ya zauna tare da Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya kuma ƙulla abota da Malam Sa'adu Zungur, wanda daga baya ya rubuta tarihinsa. A can ya ci gaba da amfani da wasan kwaikwayo wajen koyar da ɗalibai, a gefe guda kuma shi da abokansa suka kafa dandalin muhawara inda ake tattauna mulkin En'e a fili. A 1946 ya tafi Jami'ar Landan ya yi shekara guda yana nazarin koyarwa. Da ya dawo ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa a 1948, sannan aka mayar da shi makarantar horar da malamai ta Maru, a Lardin Sakkwato na wancan lokaci. A ƙarshen 1950 ya ajiye aikin gwamnati ya koma Kano.

A Dandalin Siyasa

An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma a 1953 Malam Aminu ya zama shugabanta. Jigogin wasanninsa na makaranta, wato haraji da zaluncin masu riƙe da iko, su ne suka zama manufofin jam'iyyar. Wannan karon ba kwaikwayo ba ne: an ɗaure 'yan NEPU, an yi musu bulala, an hana su izinin lacca a garuruwa da yawa. A Lardin Barno, wanda Potiskum ke cikinsa kafin a ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991, NEPU ta yi ƙawance da ƙungiyar matasan Barno ta su Ibrahim Imam.

Duk da haka mai lura zai ga hannun ɗan dandamali a siyasarsa. A zamanin da shugabanni ke gasar manyan riguna masu aiki, shi an san shi da farin yadi marar ado da jar hula, shigar da ta gaya wa talaka ɓangaren da yake tun kafin ya buɗe baki. Laccocinsa sun shahara da karin magana da habaici da labarai masu ban dariya, ta yadda wanda bai taɓa shiga aji ba zai koma gida ya maimaita wa iyalinsa. Ya kuma dage a kan ilimin mata da 'yancinsu na jefa ƙuri'a, a lokacin da hakan ke jawo zagi.

A 1959 ya ci zaɓen Majalisar Wakilai daga Kano ta Gabas. A mulkin Janar Yakubu Gowon ya riƙe muƙamin kwamishinan sadarwa na tarayya daga 1967, sannan na lafiya daga 1971 zuwa 1974. A 1978 ya jagoranci kafa PRP, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979. Bai ci ba, amma jam'iyyarsa ta kafa gwamnati a Kano da Kaduna, inda gwamnoni Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Abin da ɗalibi ya yi wa dariya a dandamali shekara 40 baya, sai ga shi an kawar da shi da sa hannun gwamna. Shekarunsa na ƙarshe ba su rasa ɗaci ba, domin PRP ta dare gida biyu, 'yan Santsi da 'yan Taɓo, aka raba shi da wasu daga cikin almajiransa.

Allah ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Afrilu, 1983, aka binne shi a gidansa da ke Gwammaja, wato Gidan Mumbayya, wanda Jami'ar Bayero ta mayar cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. Filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa na birnin suna ɗauke da sunansa.

Kammalawa

Jawabansa na majalisa suna nan a rubuce, littattafansa irin su Motsi Ya Fi Zama da Hikayoyin Kaifafa Zukata suna ɗakunan karatu, amma daga wasanninsa sunaye da jigogi ne suka fi yawo a hannun ɗalibai. Haka wasan dandamali yake: da 'yan kallo sun watse, sai abin da wani ya rubuta a kansa. Mu ma duk shekara muna shirya wasa a Makon Hausa, a yi tafi, a kwashe kujeru, shi ke nan. Ya kamata a wannan shekara wasu daga cikinmu su zauna da biro da takarda, su rubuta abin da aka ɗora a fage da amfaninsa, da yadda mai ba da umarni ya tsara shiga da fita, da ɗan wasan da ya gamsar da wanda ya yi ihu kawai, sannan su aiko wa wannan mujalla. Allah ya jiƙan Malam Aminu Kano, ya kyautata namu zuwan, amin.