Theodor Bilharz: Likitan da ya gano tsutsar da ke haddasa tsargiya

A shekarar 1851, wani matashin likita ɗan ƙasar Jamus yana binciken wata gawa a asibitin Kasr al-Aini da ke birnin Alƙahira, sai ya ga wata farar tsutsa a cikin jijiyar da ke kai jini hanta. A wancan zamani fitsarin jini ya zama ruwan dare tsakanin manoman gaɓar Kogin Nilu, kuma babu wanda ya san musabbabinsa. Wannan tsutsa ita ce sanadin cutar da Hausawa ke kira tsargiya, likitan kuwa shi ne Theodor Bilharz.

An haife shi ranar 23 ga Maris, 1825 a garin Sigmaringen da ke kudancin Jamus. Ya karanta likitanci a Jami'ar Tübingen, sannan ya samu horo kan ƙananan halittu a hannun masani Carl von Siebold. A 1850 ya bi malaminsa Wilhelm Griesinger zuwa Masar, inda daga baya ya zama farfesan ilimin sassan jiki.

Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne tsarin halittar tsutsar. Danginta, wato tsutsotsi masu faffaɗan jiki, galibi kowace ɗaya tana ɗauke da gaɓoɓin namiji da na mace. Ita kuwa wannan akwai namiji akwai mace, kuma namijin na rungume da macen cikin wani kwari da ke tsawon jikinsa. Bilharz ya riƙa aika wa Siebold wasiƙu yana bayyana abin da ya gani, shi kuma ya wallafa su.

Sai dai ya yi kuskure guda. Ya lura da ƙwai iri biyu, wani da ƙaya a ƙarshensa, wani a gefe, ya ɗauka duk na tsutsa ɗaya ne. Sai a 1915 Robert Leiper ya tabbatar a Masar cewa iri biyu ne, ɗaya na addabar mafitsara, ɗaya hanji, kuma dukansu sai sun ratsa jikin dodon koɗi na ruwa kafin su huda fatar mutum.

Ba kasafai ake ambaton aikinsa kan kifi ba, alhali ba ƙarami ba ne. A 1857 ya wallafa nazari kan gaɓar da minjirya ke samar da lantarki da ita. A shekarar da ya ga tsutsar tsargiya kuma ya gano wata 'yar mitsitsiyar tsutsa a hanjin mutum, wadda aka sa wa suna Heterophyes. Daga baya aka gane cewa ana kamuwa da ita ta cin kifin da bai dahu ba, ciki har da karfasa, kifin da Masar ta fi kiwo a yau.

A 1862 ya raka wani basaraken Jamus, Ernst na Biyu, a tafiyarsa zuwa Massawa da ke gaɓar Bahar Maliya. Can ya kamu da zazzaɓi mai tsanani, ya rasu a Alƙahira ranar 9 ga Mayu, yana da shekara 37.

A 2009 masana suka wallafa taswirar ƙwayoyin gado ta tsutsar hanjin, a 2012 kuma ta tsutsar mafitsarar da Bilharz ya fara gani. Dalilin wannan aiki shi ne neman sabon magani, domin kusan magani ɗaya tak aka dogara da shi, wato praziquantel, wanda masu kiwon kifi ma ke amfani da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum sama da miliyan 250 suka buƙaci maganin rigakafin tsargiya a 2021, akasarinsu a Afirka, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa.