Alfred Hitchcock (1899–1980): Kakan Finafinan Kisan Ɗauki-Ɗai-Ɗai

An haifi Alfred Joseph Hitchcock ranar 13 ga watan Agusta 1899 a Leytonstone da ke gabashin birnin Landan. Mahaifinsa William mai sayar da kayan gwari ne, gidansu kuma na mabiya ɗariƙar Katolika ne masu tsananta tarbiyya. Shi da kansa ya sha ba da labarin yadda mahaifin ya aike shi ofishin 'yan sanda da 'yar wasiƙa yana ɗan shekara biyar, aka kulle shi na 'yan mintoci domin ya ga makomar yaro marar ji. Ko da ya ƙara wa labarin gishiri, tsoron hukuma da kamun marar laifi sun bi finafinansa har tsufansa.

Ya shiga sana'ar fim wajejen 1920 a matsayin mai zana rubutun da ake saka wa finafinai marasa sauti. A 1926 ya auri Alma Reville, gwanar tace hoto wadda ta zama mashawarciyarsa ta farko a kowane aiki. Fim ɗinsa The Lodger na 1927, labarin wani mai kashe mata a Landan, shi ya fito da sunansa. A 1939 ya yi ƙaura zuwa Amurka, inda Rebecca ya ci kyautar Oscar ta gwarzon fim na 1940. Shi kuwa sau biyar ana sa shi takarar gwarzon darakta, bai taɓa ci ba.

Aikinsa da ya fi shafar tarihin finafinan ban tsoro shi ne Psycho na 1960, wanda aka ɗauko daga littafin Robert Bloch. Kamfanin Paramount ya ƙyamaci labarin, sai Hitchcock ya zuba kuɗinsa, kimanin dala 800,000, ya ɗauki fim ɗin a baƙi da fari tare da ma'aikatan shirinsa na talabijin. Tauraruwar fim ɗin, Janet Leigh, ita ce mai kallo ke bi tun daga farko, amma tun ba a kai rabi ba aka daddaɓa mata wuƙa a banɗakin wani masauki. Ɗaukar wannan fitowa kaɗai ta ci kusan mako guda. Jinin da ake gani ruwan cakulan ne. Abin da ke tayar da tsikar jiki shi ne saurin yanka hotuna da kukan gogen da Bernard Herrmann ya tsara. Daga nan mai kallo ya rasa madafa, domin idan ana iya kashe tauraruwa, to babu wanda ya tsira.

Wani abin da ya kamata manazarta su ƙara lura da shi shi ne wasan da Hitchcock ke yi da masu kallonsa. Yakan gifta cikin finafinansa na ɗan lokaci, har mutane suka riƙa zuba ido su gano shi. A tallar Psycho shi ya fito yana zagayawa da jama'a cikin gidan kisan, yana zolaya da fuskar salihai, sannan ya shar'anta wa gidajen sinima kada a bar kowa ya shiga bayan an fara. Wato yana tuna wa mai kallo cewa fim yake kallo, kuma duk da haka ya razana shi.

Wannan dabara ce magadansa suka raina ta girma. A 1978 John Carpenter ya fito da Halloween, ya mai da abin farautar 'yan makaranta, ya ba Jamie Lee Curtis, 'yar Janet Leigh, jagorancin fim ɗin, ya kuma ari sunan Sam Loomis daga Psycho ya raɗa wa likitan labarin. Da salon ya tsufa saboda yawan kwaikwayo, sai Wes Craven da marubuci Kevin Williamson suka farfaɗo da shi da Scream a 1996. Sun kashe Drew Barrymore, wadda ta fi kowa suna, a fitowar farko. Matasan cikin labarin sun haddace finafinan ban tsoro, suna kallon Halloween suna lissafa ƙa'idojin tsira, amma sanin bai hana wuƙa cim musu ba. Daɗin irin wannan fim yana nan: ana girmama wayon matashi mai kallo, ana dariya tare da shi, sannan a shammace shi ta inda yake ganin ya fi ƙwarewa.

Rayuwar Hitchcock ba ta rasa tabo ba. Tippi Hedren, jarumar The Birds na 1963 da Marnie na 1964, ta zarge shi da musguna mata da neman ta da lalata, zargin da ya sa ake sake duban yadda kyamararsa ke kallon mata. Fim ɗinsa na ƙarshe shi ne Family Plot na 1976. Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta Sir 'yan watanni kafin mutuwarsa, wadda ta riske shi a gidansa na Bel Air, Los Angeles, ranar 29 ga Afrilu 1980, yana da shekara 80.