Likita Miller, Mai Koyar Da Karatu A Zazzau

Duk wanda ya buɗe Littafi Mai Tsarki da Hausa ranar Lahadi, ya ci gajiyar wahalar Likita Walter Miller. An haife shi a Ingila a 1872. Ya koyi aikin likita, sa'an nan ya tafi Tarabulus ya koyi Hausa a bakin Hausawa matafiya. A 1900 ya biyo Bishop Tugwell har Kano, amma Sarki Alu ya sallame su. A 1905 ya zauna a birnin Zariya, ya buɗe makaranta.

Abin da ya dame shi shi ne manomi da ɗan talaka su iya karatu da kansu, ba sai an karanta masu ba. Da jikokin Isawa suka zo wurinsa a 1913, aka kafa masu zama a Gimi, yara na karatu, manya na noma. Ciwon barci ya shiga garin, ya kashe mutane da yawa. Yaran da suka tsira aka kai su makarantar Zariya, wadda ta koma Wusasa wajen 1929.

Ba mutum ne mai sauƙin hali ba, ya sha saɓawa da Turawan mulki da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi. Amma fassara dai bai sake ta ba. Shi da abokan aikinsa, har da Hausawa, suka yi shekaru a kanta, aka buga cikakken Littafin a 1932.

Ya rasu a 1952.