Abdurrahman as-Sufi, Mai Auna Hasken Taurari

An haifi Abdurrahman as-Sufi a birnin Rayyu na ƙasar Farisa cikin shekara ta 291 bayan Hijira, watau 903 Miladiyya. A zamaninsa masanan falaki sun dogara ne ga lissafin Batlimus na Iskandariyya, wanda ya yi shekara wajen 800 ana kwafarsa hannu zuwa hannu, har kurakurai suka taru a ciki. Shi kuwa malamin nan sai ya ɗaga kai ya duba da idonsa, ga shi ba a ƙago madubin hange ba tukuna. Ya bi rukunonin taurari 48 ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta mazaunin kowane tauraro da darajar haskensa, daga ta 1 mafi ƙarfi har ta 6 wadda da ƙyar ido ke kamawa. Inda ganinsa ya saɓa wa Batlimus, gyarawa ya yi ba tare da shakka ba.

Wajen 964 ya kammala littafinsa Suwarul Kawakib domin Sarki Adudud Daula. Ya kawo sunayen Larabawa irin su Surayya, wadda Hausawa ke kira Kaza da ’Ya’yanta. Ya kuma ambaci wani ɗan gajimare, wanda bayan ƙarnuka aka gane tarin taurarin Andromeda ne. Ya rasu a 986. Allah ya jiƙansa.