Hakim Ajmal Khan, Mai Maganin Delhi (1868-1927)

An haifi Ajmal Khan a birnin Delhi na ƙasar Indiya a shekarar 1868, zamanin da Turawan Ingilishi ke mulkin ƙasar. Kalmar hakim da ke gaban sunansa laƙabi ce ta mai magani, ba sarauta ba ce. Gidansu gidan magani ne tun kaka da kakanni, domin kakansu Sharif Khan shi ne mai maganin Sarkin Delhi Shah Alam na biyu. Tun yana yaro ya haddace Alƙur'ani, ya karanci Larabci da Farisanci, sannan ya koyi sana'ar gida a hannun mahaifinsa da yayyensa. Daga 1892 zuwa 1902 shi ne babban mai maganin Sarkin Rampur.

A wancan zamani hanyoyi biyu na maganin gargajiya ne suka fi ƙarfi a Indiya. Ta farko ita ce Ayurbeda, wadda ma'anarta a harshen Sanskirit ilimin rayuwa. Hanya ce daɗaɗɗiya, an rubuta ta cikin manyan littattafai biyu masu sunan Caraka da Sushruta, kuma masu aiki da ita ana kiransu baidiya. A wurinsu abubuwa uku ke tafiyar da jikin mutum. Akwai bata, mai kula da numfashi da motsi. Akwai pitta, mai kula da zafin jiki da narkewar abinci. Akwai kafa, mai kula da danshi da ƙarfin gaɓoɓi. Idan ukun suka daidaita mutum yana da lafiya, idan ɗaya ya rinjayi sauran cuta ta samu ƙofa. Saboda haka baidiya ba ya tsayawa ga ciwon da aka kawo masa kaɗai. Yakan tambayi abin da majinyaci ke ci, da yadda yake barci, da irin aikinsa, da halin zuciyarsa, ya duba lokacin shekara, kafin ya ba da saiwa ko ganye.

Hanya ta biyu ita ce Yunani, wadda Ajmal Khan ya gada. Asalinta daga masanan Girka ne, Larabawa da Farisawa suka raya ta, musamman Ibn Sina, Musulmi kuma suka kai ta Indiya. Ita ruwaye huɗu ta sani a jiki: jini, da majina, da safara'u, da sauda'u, tare da zafi da sanyi da danshi da bushewa. Lissafin hanyoyin biyu ya bambanta, amma sun haɗu a kan cewa lafiya daidaito ce.

Farkon ƙarni na 20 waɗannan sana'o'i suka shiga haɗari. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta yarda da kowa ba sai lokotoron da ya fito makarantar Turawa. A 1912 aka kafa doka a lardin Bombai ta rubuta sunayen masu magani, aka bar hakim da baidiya a waje. Alhali mafi yawan talakawan ƙasar, musamman na karkara, ba su da wanda za su je wurinsa sai su.

Ajmal Khan ya hango wannan tun da wuri. A 1910 ya kafa babban taro na ƙasa wanda ya haɗa masu Ayurbeda da masu Yunani, wato Hindu da Musulmi, domin su kare sana'arsu da murya ɗaya. Amma bai ɓoye musu laifinsu ba. Ya lura cewa da yawa daga cikinsu ba su san yadda cikin jikin mutum yake ba, sun bar aikin fiɗa, kowane gida kuma yana rufe asirin magungunansa. A 1911 ya tafi Turai, ya ziyarci asibitoci da makarantun magani, ya komo da niyyar a koyar da maganin gargajiya a aji, da jarrabawa da takardar shaida.

Yayansa Abdul Majid Khan ya riga ya buɗe ƙaramar makarantar magani a Delhi. Ajmal Khan ya faɗaɗa ta, ya buɗe sashen mata domin horar da ungozomai da masu duba mata, ya kuma kafa ɗakin haɗa magunguna wanda ribarsa ke ɗaukar nauyin makarantar. A 1916 Gwamna Janar Hardinge ya aza harsashin sabon gini a unguwar Karol Bagh, a 1921 Mahatma Gandi ya buɗe shi. A nan ɗalibai suka riƙa karanta Ayurbeda da Yunani tare da ilimin sassan jiki da fiɗa na zamani. Makarantar tana nan har yau.

Bai tsaya ga magani kaɗai ba. Turawa sun ba shi lambar girma da laƙabin Hazikul Mulk, amma a 1920 ya mayar musu da su, ya shiga sahun masu neman ƴancin kai. Jama'a suka sa masa Masihul Mulk. A shekarar nan yana cikin waɗanda suka kafa jami'ar Jamia Millia Islamia, shi ne kuma shugabanta na farko. A 1921 ya jagoranci babban taron jam'iyyar Kongires a Ahmadabad. Ya rasu a Rampur ranar 29 ga Disamba 1927, sanadin ciwon zuciya.

Ɗaya daga cikin manyan ayyukansa ya nuna ne bayan rasuwarsa. Akwai wata saiwa da masu Ayurbeda ke kira sarpaganda, wadda suka daɗe suna ba masu taɓin hankali da marasa barci. Ajmal Khan ya gayyaci wani saurayi masanin haɗa sinadarai da ya yi karatu a Jamus, Salimuzzaman Siddiki, ya ɗora masa binciken itatuwan ƙasar. A 1931 Siddiki ya fitar da wani sinadari daga saiwar, ya sa masa suna ajmalin domin tunawa da maigidansa. Lokotoro suna aiki da shi wajen ciwon bugun zuciya. A 1952 masu bincike a ƙasar Suwis suka fitar da wani sinadarin daga saiwar nan, resarpin, wanda ya zama cikin magungunan farko na hawan jini.

Irin wannan bincike ya kuma nuna cewa wasu haɗe-haɗen Ayurbeda suna ɗauke da dalma da zaiba, masu cutar da jiki. Abin da Ajmal Khan ya nema ke nan: a gwada kowane magani, a riƙe mai amfani, a bar mai cutarwa. A 2014 Indiya ta kafa ma'aikata ta musamman mai kula da Ayurbeda da Yunani da sauran hanyoyin gargajiya, a 2022 kuma aka aza harsashin cibiyar maganin gargajiya ta Hukumar Lafiya ta Duniya a garin Jamnagar.